Illo Mai Faci da Dokar Rakiya

In ka sauka tashar Madarunfa ka ce kana neman Illo mai faci, ko akuyar tasha sai ta nuna maka shi. Yana nan gindin dogon-yaro, tsakanin tsofaffin tayu da bahon ruwan da yake tsoma roba don gano huda, salula, wato wayar hannu, a aljihun gaba, goshi duk baƙin mai. Ƙanena ne ciki ɗaya, ni Salamatu na goye shi har bayana ya ƙage, saboda haka in na zage shi a cikin labarin nan kada wanda ya sa mini baki.

Illo tun yana ƙarami bai taɓa isa ko'ina da wuri ba. Inna ta aike shi bakin tabki sayen kifi, sai tuwo ya huce, miya ta daskare, sannan ka hango shi tafe yana washe baki. Ina ka tsaya? Wai ya gamu da wata tsohuwa 'yar Safo da ƙunshin kaya, ya kama mata har bakin gari. A lekol, makarantar boko, ma haka. Mushe, malaminsu, ya zane shi har ya gaji, don kullum shi ne na ƙarshen shiga aji, kuma ba barci ke makarar da shi ba, wani ɗan ajinsu mai ciwon ƙafa yake jira su tafi tare. Karatu dai bai zauna masa ba. Baba ya kai shi ya koyi faci, ya kuwa iya, ya yi aure, Ɗelu ta haifa masa 'ya'ya, ya tsayar da gemu. Muka ce to madalla, Illo ya zama mutum.

Sai ga wasan salula. Wani ɗan kabu-kabu ne ya nuna masa ranar da yake jiran a like masa taya. Ni da farko na ɗauka irin na yara ne, a danna a fasa ƙwallaye. Ashe duniya ce guda a ciki, da garuruwa masu ganuwa, da daji, da koguna, da dodanni. Kowa yana ƙera mutuminsa, ya raɗa masa suna, ya sa masa sutura, ya shiga da shi. Sauran mutanen da kake gani suna kai da kawowa a ciki kuwa 'yan Adam ne irinka, wani yana Maraɗi, wani Yamai, wani Bamako, kowa riƙe da tasa salular. Ana haɗa ƙungiya a tafi farautar dodo, ana magana da murya ko a rubuce, abin da aka samo a raba.

Kowa so yake ya zama mai takobi ko maharbi, don su ake gani. Illo sai ya zaɓi mai magani, wanda ke tsayawa can baya yana warkar da waɗanda aka sara. Na ce masa, "Kai Illo, a tasha faci, a salula ma faci? Ba ka gajiya da like abin da wasu suka huda?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai shi na iya."

Ƙungiyarsa ya sa mata suna Fadar Bakin Tabki, kamar dai fadar da samari ke zama shan shayi, kuma haka ya tafiyar da ita. In ka shigo sai ka yi sallama, a tambaye ka gida da gajiya kafin a zare takobi. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke wa wani, wanda a garinmu ba labari ba ne, mutuminsa ya sandare a tsakiyar daji, sai duk a kewaye shi a tsare har ya dawo. Da damina, sa'ad da manoman cikinsu ke wuni a gona, Illo sai ya rage wa fadar gudu don kada su dawo su tarar an yi musu nisa. Kiran salla kuwa yana tsayar da kowane yaƙi, har wani Kirista ɗan Kwatano da ke cikinsu ya haddace lokacin la'asar ɗin Madarunfa, shi ke tuna musu. Wasu ƙungiyoyin sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, sunan fadar bai taɓa hawa sama ba. Amma wanda aka zaga a wani wuri, ko aka yi wa dariya don bai iya ba, nan yake gangarowa, kuma da wuya ya sake tashi.

Babbar dokar ita ce rakiya. A wasan, in mutum ya gaji kashewa kawai yake yi, mutuminsa ya ɓace nan inda yake tsaye, gobe in ya kunna nan zai tsinci kansa, ko da a bakin dodo ne. Illo ya ce shi bai gane wannan rashin tarbiyya ba. Yaya za a yi hira da mutum, a yi yaƙi tare, sannan ya tashi tafiya a bi shi da ido? Don haka a fadarsa duk mai son tashi sai ya faɗa, a taka masa har ƙofar gari, a ce ya gaida gida, sannan ya kashe. Ɗelu ta sha kawo mini ƙara, wai ta kai masa abinci tasha ya ce ta dakata yana raka wani, ta duba gabas da yamma ba ta ga kowa ba. Akwai kuma wani ɗan Bamako, da ya ga kullum Illo yana rubuta "rakiya, rakiya" kowa yana rugowa, sai ya ɗauka wata yarinya ce mai suna Rakiya. Bawan Allah ya yi ta sauya wa mutuminsa riguna, yana gyara faransancinsa, yana jiran ta bayyana. Ranar da aka fassara masa, dariyar da Illo ya yi sai da masu shayin tasha suka zo tambaya ko lafiya.

Ni duk wannan shirme nake kiransa, ƙato da gemu yana raka aljanu. Ban san abin zai shigo har cikin ɗakina ba.

Maigidana sunan babban 'yan biyu gare shi, ba na faɗa da bakina, 'yan tasha dai Direba suke ce masa. Kamiyo, babbar motar kaya, yake ja tsakanin Maraɗi da Katsina. Mutum ne mai son baƙi fiye da kima, kuma in ka zo gidanmu ka shiga uku da rakiya. Zai fito da kai zaure, ya ce bari mu kai kwana, daga kwana sai masallaci, daga masallaci sai ka ga kun kusa ƙofar gidanka yana ta zuba maka labari. Na sha ajiye masa tuwo ya huce saboda rakiya. Shi da Illo a nan jininsu ya haɗu.

Wata damina, gab da Ɗan Issa, shanu suka faɗo wa maigida kan hanya, ya kauce musu da lodi, kamiyo ya kwanta. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar hagu ba ta tsira ba, a Maraɗi aka yanke ta daga gwiwa. Ciwo ya warke, mutumin bai warke ba. Ya shige ɗaki ya sa na saki labule. An ba shi sandunan dogarawa, ya ce in jingine su bayan ƙofa, suka zauna nan har na fara rataya musu ɗankwali. 'Yan dubiya su zo, ya ce in ce yana barci. Liman ya zo, barci. Abokan tasha, barci. Ran nan na hasala na ce, "Malam, mutanen nan fa ba faɗa suka zo yi ba, gaishe ka suka zo." Sai ya ce, "In sun tashi tahiya wa zai raka su? In bi su da ido daga kan katifa kamar mai jego?"

Daga nan ban ƙara ba, na zaga bayan ɗaki na yi kukana. Tsorona ɗaya ne, kuma zan faɗe shi: ina kallon mutumin nan yana ƙarewa a cikin ɗaki da ransa. Ya rage cin abinci, rediyo ma ya daina kunnawa. Ina tsoron kada ya sake taka ƙofar gidan nan sai ranar da za a fitar da shi a kafaɗa.

Mutum ɗaya ne labule bai tsare ba. Kun san wasan da ke tsakanin miji da ƙanen matarsa, ba a fushi da shi. Illo zai zo bayan la'asar, ya yi sallama ya faɗa ɗaki kafin a amsa, ya ce, "Direba, har yanzu kana nan kana cin tuwon yayata a banza?" Sai ya zauna bakin katifa ya buɗe wasansa, ko sau ɗaya bai ce masa duba ba. Yana yi yana surutu da mutanensa. A hankali maigida ya fara leƙe ta gefen ido. Wata rana na jiyo shi yana cewa, "Kai, wagga hanya da kuke bi ai zagaye ce, ga ta gefen dutse." Direba dai direba ne. Illo ya ce, "To zo ka ja mu mana, tunda bakinka ya iya." Ya ɗauko salular maigida da ta daɗe a kashe, ya zuba masa wasan, ya ƙera masa wani ƙaton mai garkuwa, suka sa masa suna Kamiyo.

Illo bai gaya wa kowa a fada maganar ƙafar ba. Ya dai ce musu mijin yayarsa ne, sabon shiga, a yi haƙuri da shi. Yatsun maigida kuwa manya ne, da sitiyari suka saba, in ya nufi dama sai Kamiyo ya yi hagu ya faɗa rami. Illo yana bayansa yana like shi. Ba wanda ya yi masa tsawa, don a fadar in ka faɗi sannu ake ce maka, a tashe ka. Da maigida ya gane hanyoyi, sai Illo ya ce shi ya gaji da aikin rakiya, daga yau duk mai tashi Kamiyo ne zai kai shi ƙofar gari. Wayyo, ku zo ku ga mutum! Ina tsakar gida ina tankaɗe sai in jiyo muryarsa ta cikin labule, da hausa da guntun faransancinsa na direbobi, "A'a, bari dai mu kai gada. To mu ƙarasa kasuwa mana." Ɗan Kwatano ya ce rakiyar Kamiyo ta fi yaƙin tsawo. Maigida ya koma cin abinci, har ran nan ya ce miya ta yi gishiri. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai ranar. Sai dai labulen yana nan a sake, sandunan kuma suna bayan ƙofa.

A fadar akwai Ashiru, wani matashi ɗan canji a Ɗan Issa, maharbi ne a wasan, hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Sun daɗe suna shirin wani babban dodo da ke cikin kogo. Ranar da suka shiga, saura ƙiris su kayar da shi sai ya watso wuta, aka ce kowa ya gudu gefe. Kowa ya gudu ban da Kamiyo, yatsa ya zame, ya tsaya cak, ya faɗi. Da faɗuwar mai garkuwa dodo ya bi sauran ya tsince su, wasan ya maido su duka bakin kogo. Shigowata ke nan da ruwan sha na ji muryar Ashiru ta fito daga salula, "Haba don Allah! Wai wanga Kamiyo gurgu ne? Gudu ma sai an koya mishi?"

Maigida ya kalli salular, ya danne ta ta mutu, ya kife ta kan tabarma, ya juya fuska bango. Ni kuwa wallahi da yaron nan yana kusa sai na kwaɗa masa moɗar da ke hannuna. Na ja Illo waje na ce ya kore shi daga fadar yanzu-yanzu, ko kuwa ya gaya masa abin da ya aikata kunya ta kashe shi. Illo ya ce, "Yaya, in na kore shi na rasa mutum biyu. Maganar ƙafa kuwa ba tawa ba ce, mai ita zai faɗa in ya so." Na ce masa sakarai. Ya ce ya ji.

Ya ja wa Ashiru kunne cewa a fadarsa ba a yi wa kowa irin wannan magana, bai ƙara masa ko kalma ba. Sannan ya ce wa sauran, "Mun bar mutum a daji ba rakiya. Ni dai ba ni ƙara farauta sai na kai shi gida." Washegari bayan la'asar ya kai mai maganinsa bakin kogon, daidai inda Kamiyo ya ɓace, ya zaunar da shi. Ɗan Bamako ya zo ya zauna. Ɗan Kwatano ya hura wuta, don a wasan har wuta ana hurawa. Haka suka riƙa yi kullum, ba yaƙi ba farauta, ƙattin mutane suna zaman jiran wanda bai ce zai zo ba. Wasu suka gaji suka koma wata ƙungiya, Illo bai hana su ba, ya ce su gaida gida. Ashiru ya yi ta ƙorafi, ya ɓace kwana biyu, sannan aka ga maharbinsa ya dawo ya zauna can nesa da wutar.

Illo bai fasa zuwa gidanmu ba. Ya zauna bakin katifa yadda ya saba, bai roƙi kowa komi ba, sai dai ya ƙara muryar salula. Maigida yana kwance fuska a bango yana jin su suna hirar ƙwallo da yadda gero ya yi a bana. Jefi-jefi wani ya ce, "Kamiyo bai iso ba?" Illo ya ce, "Yana hanya, lodi ne ya yi mishi yawa." In na ji haka sai in rasa ko in rufe Illo da duka ko in rungume shi. Abin da na iya yi kawai, kullum sai na aika da salular maigida wurin sharji a cika mata wuta, ko ba a taɓa ta ba, in maido ta inda ya kife ta.

Ran wata Alhamis maigida ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wai mahaukatan nan ba su da aikin yi?" Illo ya ce, "Suna da aikinsu, wani ƙato ne ya tsare su a daji." Can sai na ga hannu ya sauko yana lalube a kan tabarma.

Da Kamiyo ya bayyana a bakin kogon sai salula ta kaure da sowa, ɗan Bamako yana ta ihun "rakiya! rakiya!" da irin tasa hausar. Maigida ya bari suka lafa, sannan ya kawo salula kusa da baki ya ce, "Ashiru yana nan?" Wata 'yar murya ta ce, "Ina nan, Baba." Maigida ya ce, "Tambaya ka yi ran nan ban ba ka amsa ba. Awo, gurgu ne. Ƙafa guda gare ni, ɗayar na baro ta a hanyar garinku." Tun da abin ya faru ban taɓa jin ya faɗi kalmar nan da bakinsa ba.

Ashiru ya rikice, yana ta "wallahi Baba ban sani ba, don girman Allah Baba ka yafe mini." Maigida ya ce, "Ya isa. Wadda ta rage ta ishe ni in shure ka in ka ƙara. Wuce gaba ka share muna hanya." Suka taso. Wasan yana da dawaki, yana kuma da wata ƙofa da ke jefa mutum cikin gari nan take, amma ba wanda ya taɓa su. A ƙasa suka tako, Kamiyo a tsakiya, mai maganin Illo a baya kamar kullum, har ƙofar gari. Suka ce ya gaida gida. Ya ce gida zai ji.

Illo ya sa salula aljihu ya miƙe, ya ce magariba ta kawo jiki kuma ya baro tayu a waje. Ya kai bakin ƙofa ke nan maigida ya ce, "Salamatu, kwashe ɗankwalayenki daga kan sandunan nan." Na kwashe, na miƙa masa. Illo ya matso zai kama shi, maigida ya ce, "Kada ka taɓa ni. Kai za a raka ko ni?" Ya yunƙura ya koma zaune, ya sake yunƙurawa ya tsaya, gumi ya karyo masa. Ni na ɗage labulen. Ya ratsa tsakar gida kaji suna watsewa, ya shiga zaure, ya fita. Rabonsa da ƙofar gidan nan tun ranar da aka shigo da shi.

Na laɓe a zaure ina leƙe, ina share ido da bakin zane. Illo, wanda duk rayuwarsa zaginsa ake a kan jiran mutane, yana takawa a gefensa sannu-sannu, sai ka rantse shi ma haka tafiyarsa take. Hannuwansa a baya, yana ba shi labarin wata taya da ta ƙi likuwa, ko kallon sandunan bai yi ba. Maƙwabcinmu da ke alwala a ƙofar gidansa ya ɗago kai, buta ta kusa suɓuce masa. Na ji maigida ya riga shi gaisuwa, da muryar nan tasa ta da.

A kwanar farko Illo ya tsaya ya ce, "To Direba, ya isa haka nan, ka koma, na gode." Maigida ya gyara sanda a hammata yana haki, ya ce, "Kai yaro, a unguwar ga ni ke faɗin inda rakiya ta ƙare. Mu kai masallaci."

Suka sha kwanar na daina ganinsu. Na koma ciki na tuƙa tuwo na kwashe masa nasa, na rufe da faifai na ajiye, don na san sai ya huce.